Gonar Baba

Kowace safiya, tsakanin ƙarfe shida da kwata da shida da rabi, jirgin ƙanena yakan ɓace daga allona.

Aikina ke nan a ɗakin sama na ofishin tashar ruwa. In zauna gaban allo in kalli ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo jirgi ne. Doka ta ce duk babban jirgin kamun kifi ya ɗauki na'urar da ke faɗar inda yake. Masuntan garinmu 'yar tsegumi suke ce mata. Sukan bar ta a kunne har su fita bakin kogi, don kada jiragen kaya su take su. Mai wurin ɓoyewa kuwa, da ya yi nisa sai ya murɗe ta. In an tambaye shi ya ce gishiri ne ya ci waya. Sau biyu ofis na jan kunnen ƙanena Firmino, sau biyu yana rantsuwa da gishiri.

Wurin da yake ɓoyewa, a gidanmu Gona ake kiransa. Tudun dutse ne a ƙarƙashin ruwa, kifi na taruwa a gefensa daga Fabrairu zuwa ƙarshen Afrilu. Kakanmu ne ya gano shi, ya nuna wa Baba, Baba ya nuna wa Firmino. Ba a rubuta shi, ba a faɗarsa a tudu. Uba kan ɗauki ɗa guda, su biyu rak a jirgi, ranar da sama ta washe, ya kashe inji ya miƙa yatsa zuwa gaɓa: ga wancan, ga wancan, in sun hau kan juna kana bisa Gona.

Ɗa guda. Ni ce babba, shekara uku na ba Firmino. Ni na riga shi riƙe sitiyari. Muna yara, in Baba ya fita da mu, shi yana amai a gefen jirgi, ni ina cin burodinsa. Sai na ci jarrabawa aka ba ni gurbin karatu a Norway, na tafi koyon ilimin tuƙi da sa ido a kan jirage. Na yi shekara tara, a ta bakwai Baba ya rasu. Na dawo da takardu uku da harshen da ba mai jinsa a garin, na tarar jirgi na Firmino ne, Gona tasa, kujerar Baba ma shi ke zama a kai. Ni kuma aka ba ni suna, Dakta.

Sau ɗaya na tambaye shi, wata Lahadi a gidan Mama, muna cin miyar kifi.

"Firmino, ina Gona take?"

Bai ɗago ba, ƙaya yake zarewa. "A teku, Dakta."

"Ni ma 'yar gidan nan ce."

"Wa ya ce ba haka ba? Ga hotonki can a bango, da hular nan mai kama da tire."

"Graciete, ci abincinki," in ji Mama. "Babanku ya ce Gona ta wanda ya zauna ce."

"Shi ya ce in tafi."

"Ya ce ki tafi, kika tafi. To."

Ban sake tambaya ba. Washegari na sayi taswirar teku da kuɗina, da fensir.

Firmino yana da wayo irin na Baba. Kullum yamma sosai yake nufa, har mil bakwai, nan ɗigonsa ke mutuwa. Da la'asar ya sake bayyana daga arewa. Duk mai bin sawunsa sai ya ɗauka Gona tana yamma ko arewa. Amandio, mai jirgin Vento Manso, ya shekara ashirin yana cin wannan ƙugiyar, tun zamanin Baba. Ya taɓa tare ni a shagon kofi, ya tura min kek a faranti.

"Dakta, ke da kike ganin komai daga sama kamar shaho. Ba wani ɗan labari?"

"Na ga kana yawan zaga wuri ɗaya kamar kare mai neman wurin kwanciya."

"Kai, jinin gidan nan. Ko wadda aka hana ma rowa take."

Na cinye kek ɗin. Maganarsa ta ƙarshe ta kwana uku tana yi min yawo a rai.

Abin da Firmino bai sani ba shi ne, jirgi kan ɓuya daga allo amma ba ya ɓuya daga idon matuƙin jirgin kaya. Wata rana na ga wani ƙaton jirgin siminti yana tafe kudu a miƙe, sai ya karkace ya zaga wani abu, ya koma hanyarsa. A allona babu komai a wurin. Na ɗiga fensir. Bayan sati biyar wani ya yi haka, kusan a wuri ɗaya. Shekara na zagayowa, na uku. Na san gudun jirginmu, na san awannin da jan taru ke ci, na san lokacin da yake ɓacewa da lokacin da yake dawowa. Na lissafa. Kudu maso yamma, mil goma sha huɗu, inda taswira ta nuna zurfi ya ragu ba dalili. Na yi gicciye a wurin, na naɗe taswirar na kulle a durowa.

Ba ni da jirgi, ba kifi nake so ba. In na ga ɗigonsa ya mutu da safe, sai in ce a raina, na san inda za ka. Shi ke nan abin da na samu, kuma bai ƙosar da ni ba.

Ranar Alhamis ce, tsakiyar Maris. Hazo ya sauko kan teku tun asuba, daga tagata ko ƙarshen gadar tasha, inda jirage ke ɗaurewa, ba na gani. Ƙarfe goma da minti arba'in oba-oba, rediyon da muke magana da jirage, ta yi ƙara a layin gaggawa, layin da kowane jirgi ke bari a buɗe.

"Tasha, tasha, Deolinda Rosa ce. Wuta a ɗakin inji. Mu huɗu ne."

Sunan Mama ne a jirgin. Muryar ta Firmino ce.

"Deolinda Rosa, na ji ka. Faɗi inda kake."

Ina jin numfashinsa, ina jin Nelo mai kula da inji yana ihu a bayansa, a kawo ruwa, a kawo ruwa.

"Firmino! Inda kake!"

"Yaya, koma ɗaya layin, in gaya miki ke kaɗai, kar..."

Layi ya mutu. Na kira sau uku, na koma ɗaya layin na kira. Babu.

Jirginsa na cin wuta, shi kuma yana lissafin kunnuwan da ke saurare. Na san ba na'urar da za ta cece shi. Akwai wadda ake ɗaurewa a rufin jirgi, in ta taɓa ruwa ta yi kururuwa har tauraron ɗan'adam ya ji. Bara igiyar ruwa ta kusa fizge tasa a kan Gona. Tun daga ranar ya naɗe ta a tsohuwar rigar sanyi ya cusa ƙarƙashin gado, kada wata rana ta faɗa ruwa ta tona masa asiri. Nelo ya ba da labarin a shagon kofi, kowa ya yi dariya, wasu ma suka ce dabara ce.

Na danna jiniya. Minti tara jirgin ceto ya bar gada. Kawu Belmiro ne shugabansa, abokin Baba tun suna samari, shekara talatin yana tsamo mutane, rayayyu da akasinsu. Ya kira ni a waya, ba a oba-oba ba.

"'Yata, ba ni wuri. Ina aka gan shi ƙarshe?"

"Mil bakwai yamma, yana fuskantar yamma. Amma ba can yake ba, Kawu. Kudu maso yamma, mil goma sha huɗu."

"Allo ya ce yamma."

"Allo ƙarya aka yi masa."

"Ke wa ya gaya miki?"

"Na sani."

"Graciete, ji nan. In na juya kudu alhali suna yamma, ni da ke muka kashe su. Sani kika yi ko zato?"

Jirage uku da suka karkace, da gicciyen fensir. Abin da nake da shi ke nan.

"Sani na yi. Minti nawa?"

"Da hazon nan, ga igiyar ruwa ta tashi a bakin kogi? Hamsin. In Allah ya so, arba'in da biyar."

Na faɗa masa lambobin wurin a taswira, na ajiye waya. Sanyin ruwan Maris ba ya barin mutum awa guda da hannu mai riƙo. In kwalekwalen robarsu na ceto ya buɗe, suna da lokaci. Amma na san inda yake ɗaure, a baya, daidai saman ɗakin inji. Jirgin sama mai saukar ungulu yana can nesa, ko ya zo ma ba abin da zai gani a hazon nan.

Na buɗe durowa na shimfiɗa taswira kusa da allo. Mil uku daga gicciyena akwai ɗigo guda, Vento Manso. Amandio yana zuba taru mil uku daga abin da ya shekara ashirin yana nema. Minti ashirin tsakaninsu. Bayansa akwai wasu jirage shida, duk sun fi Kawu kusa.

Kawu da mutanensa ba sa tsegumi. Da na yi shiru, lambobin sun tsaya a tsakaninmu. Na ɗauki oba-oba, layin gaggawa.

"Duk jirage, duk jirage. Deolinda Rosa na cin wuta, mutum huɗu. Ga wurin."

Na karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya, a tsanake, sau biyu, yadda aka koya mana. Zan faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba: akwai daɗi a ciki. Ƙanena yana iya mutuwa a wannan mintin, ina jin tsoro, amma a ƙarƙashin tsoron wani abu yana lasar baki. Abin da aka ce ba nawa ba ne, ga shi a bakina, ni ke rabawa, gari duka na ji.

"Dakta, Vento Manso ce. Maimaita."

"Ka rubuta tun a karon farko, Amandio. Tafi."

"Na yanke taruna. Ina tafe."

Sabon taru ne, bai fi wata guda da saye ba.

Ɗigo bakwai suka juya kai zuwa wuri ɗaya, na Kawu na takwas, can baya. Ba abin yi sai kallo. Na kira asibiti, na kira babban ofis na ba da rahoto. Ban kira Mama ba, jiniya ta riga ni. Ta taga na hango inuwar mata suna taruwa a gada.

Minti ashirin da biyu ɗigon Amandio ya hau kan gicciye.

"Dakta, ina wurin. Babu komai."

"Duba da kyau."

"Da me zan duba? Hancin jirgina ma da ƙyar nake gani. Babu hayaƙi, babu katako, babu komai. Kin tabbata da lambobin nan?"

Na fara tunanin wataƙila jiragen kayan nan gungume suka zaga, ko wani jirgin da ba namu ba. Wataƙila Firmino yana yamma, yana kallon hazo, ni kuma na janye masa kowa.

"Tsaya," in ji Amandio. "Ina jin ƙauri. Ƙaurin roba."

Iskar arewa ce, ruwa ma kudu yake ja. Sama da rabin awa tun da layi ya mutu. Na ɗora fensir.

"Rabin mil kudu. Tafi a hankali. In ka kai ka kashe inji. Duk jirage, wanda ya iso ya kashe inji ya saurara."

Minti shida ba wanda ya yi magana. Ban taɓa jin layin gaggawa shiru haka ba. Sai muryar Amandio, ta canza.

"Usur! Ina jin usur! Hagu, hagu, kai ɗan banza, hagu na ce! Ga su! Ɗaya, biyu... huɗu ne, Dakta, huɗu, duk suna motsi!"

Kwalekwalen robar ya ƙone kafin su kai gare shi. Sun ɗaure robobin da ke riƙe taru a saman ruwa guda biyar wuri ɗaya suka rungume. Jirgin ya nutse suna kallo. Kawu Belmiro ya iso bayan minti goma sha biyar, ya kwashe su daga jirgin Amandio, ya naɗe su a bargo. Nelo ya ƙone a hannuwa biyu, sauran sanyi ne kawai.

Daga taga na kalli saukarsu, don aikina bai tashi ba sai ƙarfe huɗu. Aka tafa wa Kawu, aka rungume Amandio, wata tsohuwa ta sumbaci hannunsa. Mama ta kama fuskar Firmino da hannu biyu tana kiran sunan Baba. Ba wanda ya ɗaga kai sama.

Da yamma na je gidan Mama. Ta zuba min miya, ta zauna tana kallona.

"Allah ya yi miki albarka, kin dawo min da ɗana." Ta gyara cokali a teburi. "Amma dole sai kowa ya ji?"

"Dole."

"To," in ji ta, irin to ɗin nan nata.

Ranar Asabar da rana na je asibiti da lemo a leda. Hayaƙi ya taɓa masa huhu, sun ce sai Litinin. Yana kwance, idanu jajur, da gani bai runtsa ba.

"Dakta."

"Mai gishiri a waya. Ya jiki?"

"Jirage nawa ne a Gona yau?"

"Goma sha ɗaya."

"Amandio?"

"Shi ya fara isa."

Ya gyaɗa kai. "Ya ci halalinsa." Ya yi tari, ya kalli silin. Na ɗauka maganar jirgi zai yi, ko ta hannuwan Nelo. Sai ya ce, "Wa ya gaya miki?"

Na ajiye ledar lemo a gefen gadonsa.

"Kwana biyu ina juya abin. Nelo bai san lambobi ba, ina rufe na'urar tuƙi da tsumma in mun kusa. Mama ba ta sani ba." Ya juyo da kai. "Baba ne?"

Na kalli fuskarsa na gane abin da ke kanta, don na shekara da shekaru ina wanke irinta kowace safiya. Jirginsa na ƙasan teku, Gona ta zama kasuwa, amma ba su suka hana shi barci ba. Tsoronsa shi ne a ce ba shi kaɗai Baba ya zaɓa ba.

"Shi ne," na ce.

"Yaushe?"

"Bazarar da zan tafi. Wata Lahadi, kana coci da Mama."

Leɓensa ya yi fari. "Ya ce min ni kaɗai. Ya dafa kafaɗata ya ce, ko yayarka kar ta ji."

"Haka ya ce maka."

Ya juya wa bango fuska. Na zauna ina kallon ƙeyarsa. Minti biyu ko uku na yi ina 'yar da Baba ya zaɓa, kuma na ji yadda abin yake. Ya fi yadda na zata daɗi.

Bai juyo ba ya ce, "Me ya nuna miki?"

"Gona."

"A tudu. Me ya hau kan me?"

Lambobin taswira kawai nake da su. Ban taɓa tsayawa a wurin na kalli gaɓa ba.

"Hasumiyar coci," na ce, "da tsagar dutsen da ke bayanta."

Kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka kuka ne. Ya juyo yana dariya, dariya ta koma tari, har nas ta leƙo ta harare ni.

"Coci! Daga Gona ba a ganin coci, Dakta. Ko da tabarau ɗin Norway."

Na gaya masa gaskiya: jiragen kaya uku, taswira, fensir. Ya saurara baki buɗe.

"Shekara nawa kina wannan?"

"Biyu da wata huɗu."

"Da fensir. Kina zaune a sama kina leƙena kamar mage a bakin rami."

"Magen ce ta fito da kai."

"Ita ce." Ya goge hawayen dariya da bayan hannu. Jini ya dawo fuskarsa, ya gyara matashi ya miƙe ƙafa kamar wanda ya ci ya ƙoshi.

"To faɗa min yanzu," na ce. "Me ke hawa kan me? Kowa ya san wurin, ba sauran abin ɓoyewa."

"Ba a faɗa a tudu."

"Firmino, ba ka da jirgi."

"Sai ki jira in yi wani."

"In ka yi za ka kai ni?"

Ya lumshe ido. "Na gode fa, Yaya. Da gaske nake."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Kafin minti biyar ya fara minshari, barci mai nauyi, baki a sake. Na ciro lemo ɗaya daga ledar da na kawo masa, na ɓare na shanye, na ɗauki jakata. Ranar Asabar ƙarfe huɗu nake karɓar aiki.